Tsofaffin rediyoyina sun haɗa ni da uwargida

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya, magidanci mai 'ya'ya biyar. Na kawo kukana wurinka ne don duk wanda na gaya wa sai ya ɗauke shi wasa.

Tsofaffin rediyoyi nake tarawa, irin na ajiyewa kan tebur. Da Philips ɗin marigayi Baba na fara, mai akwatin katako. Bawul gare ta, wato ƙwayayen gilashi masu kama da ƙwan fitila, ba tiransista irin na rediyoyin baya-bayan nan ba, shi ya sa sai ta ɗau zafi kafin ta yi magana. Ita ce ta tara mutanen unguwa a zaurenmu lokacin da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, haka da Rediyon Kaduna ya zo a 1962. Daga baya na samo Grundig da National a Sabon Gari da wajen 'yan gwangwan, waɗanda ke fasa su don jan ƙarfen ciki. Wallahi ganin haka yana ƙona min rai.

Akwai wata mai agogo da aka ƙera don Amurka. Wutar lantarki mai ƙarfin volt 110 take ci, sai da taransifoma, kuma agogonta kullum a baya yake, domin wutarsu tana bugawa 60 a daƙiƙa, tamu 50. Duk da haka ina sonta.

To, maman yara ta gaji. Rediyoyin sun cinye ɗakin zaure, ga babban ɗanmu ya isa a ware masa ɗaki. Ta ce yawancinsu ko FM ba sa kamawa, sai gajeren zango da matsakaici. Kuɗin gyara ma na ci mata tuwo a ƙwarya, ko da yake ban taɓa tauye cefane ba. Yayana ya goya mata baya, har ya ce almubazzaranci ne.

Maganar ɗaki gaskiyarta ce. Amma in na sayar, na san guduma ce ƙarshensu.

Malam, wannan sha'awa almubazzaranci ce? Kuma ta yaya zan ba yaron haƙƙinsa, in faranta wa uwarsa, ba tare da na tozarta kayan nan ba? In akwai gidan tarihin da zai riƙe su da daraja, zan iya bayarwa, ban da ta Baba.

Naka,
Mai sauraro daga Tudun Wada, Zariya