Takardar Koke Zuwa Ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi Kan Buɗe Wa Masu Sana'a Ƙofar Cibiyar Ƙere-ƙere A Sakkwato

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi,
Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar,
Fadar Sarkin Musulmi, Sakkwato.

Ta hannun iyayenmu hakimai da masu unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah shi ja zamanin Sarkin Musulmi, Allah shi ƙara lafiya da nasara, amin. Bayan gaisuwar ban girma da biyayya, masu wanga koke talakawanka ne: manoman albasa da tattasai na fadamun Rima, majema da dukawa na cikin gari, maƙera, mata masu ƙuli-ƙuli da daddawa, samari masu gyaran waya da haɗa sola, da kuma ɗiyanmu da suka gama jami'a suna zaune gida da takarda a cikin akwati. Sau uku muka zauna a zauren ɗaya daga cikin dattawanmu kafin baki ya zo ɗaya cewa a rubuta.

Ranka shi daɗe, ba rashin ilimi muka zo kuka a kai ba. Ilimi kam Allah ya ba Sakkwato. Tun 1975 aka kafa jami'ar tarayya a nan, wadda a 1988 aka maida sunanta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ga jami'ar jiha, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ga makarantar horon malamai mai sunan Shehu Shagari. Cikin jami'ar tarayya akwai Cibiyar Binciken Makamashi tun 1982, wadda ta yi suna a aikin hasken rana: akwatin busar da amfanin gona, murhun da ba ya cin itace da yawa, girki da zafin rana, da fitar da iskar gas daga kashin shanu. Dattawan Kwalkwalawa za su iya ba da labarin lokacin da aka haɗa wa ƙauyensu wutar sola, tun farantin sola bai zama abin da ake tallarsa a kasuwa kamar buta ba.

Abin da ya dame mu shi ne tsakaninmu da wannan ilimi akwai gulbi. A 2010, da ambaliya ta cinye gadar hanyar jami'a, gari ya rabu da makaranta, kowa ya tashi tsaye sai da aka maido hanya. To akwai wata gadar da ba a taɓa ginawa ba, wadda manomi zai bi da albasarsa mai ruɓewa ya kai wa malamin da ya san dalilin ruɓewar, malamin kuma ya biyo ta ya ga abin da idonsa. Ba mu ɗora wa kowa laifi. Malami yana da aji da ɗalibai da nasa nauyin, mu kuma mai gadi kaɗai ya ishe mu tsoro idan muka tunkari ƙofar makaranta da warki ko da taɓo a ƙafa.

Bari mu fara da albasa, don ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Mai Alfarma ya fi mu sanin matsayin Sakkwato a noman albasa a ƙasar nan. Daga Goronyo, Wurno, Gada, Kware har Wamakko, motoci na lodi zuwa Kudu da ƙasashen maƙwabta. Ana dashe cikin sanyi, a cire daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, wato daidai lokacin da zafin garin nan ke wuce awo 40. Kowa ya cire lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Mai dabara sai ya zuba a rudu ya jira damina ta yi nisa, lokacin da buhu ke daraja. Rudu kuwa kara ne da ciyawa da itace, kamar yadda muka gada. Bara wani dattijo daga cikinmu ya buɗe nasa bayan ruwa ya sauka. Tun kafin a ɗaga ciyawar sama wari ya tare mutane. Ya tsuguna da jikokinsa tun hantsi har la'asar suna tsince, yana matsa kowace da ɗan yatsa, mai ƙwari a jefa kwando, wadda ta yi ruwa a jefa gefe. Wata ta tsiro, wata ta yi baƙin ƙura a wuya. Da aka gama, abin da aka kwasa zuwa juji ya kusa kai wanda aka ɗinke a buhu. Bai ce komai ba sai "Alhamdu lillahi", ya tashi ya yi alwala. Bashin taki da na man injin ban ruwa kuwa yana nan bai ragu da ko sisi ba.

Ɗiyanmu da suka karanta aikin gona sun ce mana ba a rasa sanin maganin wannan ba. Ana barin albasa ta sha iska har wuyanta ya bushe kafin a adana, ana daina ban ruwa kwanaki kafin cira, ana ɗaga rumbu daga ƙasa a yi masa hanyar iska ta ƙasa da ta sama, har ana iya sa ƙaramar fanka mai aiki da sola. Akwai ma cibiyar gwamnatin tarayya a Ilorin da ba ta da aiki sai binciken adana amfanin gona. Amma wa zai zauna da maƙerin Sakkwato ya ce masa ga awo, ga irin ƙarfen, ƙera mana guda a gwada a Kware daminar bana? Wa zai biya kuɗin gwajin farko, wanda ba lalle ya yi kyau ba? Haka zancen iri. An sha sayar wa wasunmu irin albasa a gwangwani mai kyan gani, aka yi wata uku ana ban ruwa, sai ganye ba kai. Da akwai wurin da manomi zai kai ɗan iri a gwada tsirarsa kafin ya zuba dukiyarsa, da an rage hawaye.

A nan ne yaran suka kawo mana zancen abin da ake kira cibiyar ƙere-ƙere, ko cibiyar ƙirƙira, wadda jami'o'i ke buɗewa. Yadda suka fahimtar da mu, wuri ne da ake tanadar wuta mai tsayawa, da intanet, da injunan yanka da walda da na gwaji, da malamai masu ba da shawara. Mai dabara ya zo da ita, a taya shi ƙera samfuri na farko, a gwada, a gyara, a koya masa lissafin riba da faɗuwa, a raka shi rajistar kamfani da neman lambar NAFDAC idan abin ci ne, sannan a haɗa shi da mai jari. Sun ce Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta buɗe irin wannan a 2017, kuma a Yaba ta Legas irin waɗannan wurare sun fitar da kamfanonin matasa da yanzu ake jin sunansu. Sun ce akwai asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu, kuma a 2022 aka sa hannu a dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha. Mu dai ba mu karanta dokar ba, su suka karanta, amma mun gane cewa hanyar kuɗin tana nan ga wanda ya san ƙofar.

Sai dai muna da tsoro guda, kuma gara mu faɗe shi tun yanzu. Kada a ce an yi cibiya, a gina ɗaki mai sanyi a can cikin makaranta, a jera kwamfutoci, a yanka ƙyalle, ya zama ba mai shiga sai mai Turanci. Mun ga irin tarukan da ake kira horo: kwana uku a otal, a raba riga da hula da takardar shaida, a ɗauki hoto, shi ke nan an watse. Wani yaronmu yana da irin waɗannan takardu har ya rasa inda zai liƙa, kuma har gobe kabu-kabu yake yi. Ba mu raina kwamfuta ba. Yaran da ke gyaran waya a bakin kasuwa sun fi kowa son a koya masu rubuta manhaja. Amma cibiyar da za ta amfani Sakkwato sai ta san warin majema.

Ranka shi daɗe, fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun kafin zuwan Turawa. Ita ce fatake ke ketare Sahara da ita, Turai ta saye ta daga Arewacin Afirka ta riƙa kiranta fatar Maroko. Har yau da toka da bagaruwa da kashin tantabara muke jima, da karan dafi muke rina ja. Aikin yana da kyau, amma mai saye daga waje yana ƙorafin wari, da launi mai zuba idan ruwa ya taɓa, da rashin daidaito tsakanin wannan fata da waccan. Saboda haka ɗanyar fata ke fita da araha, wata ma ta ƙare a tukunya an yi ganda da ita, jaka da takalmi kuma su dawo mana da tsada. Akwai cibiyar nazarin fata a Zariya, akwai masana kimiyyar haɗe-haɗe a nan gida. Abin da ya rage a haɗa su da mai hannu cikin kwatarniya.

Wani majemi daga cikinmu ya ba da labarin da ya sa zauren ya yi tsit. Shekarun baya wasu ɗalibai daga wata makaranta, ba sai mun kama suna ba, suka zo masa da takardun tambayoyi. Ya shimfiɗa masu tabarma, ya bar aikinsa yini biyu, ya nuna masu yadda ake daka bagaruwa, da kwana nawa fata ke yi a ruwa, da yadda ake gane ta nuna da taɓawa kawai. Suka yanki fata, suka ɗebi ruwan jima a kwalba, suka yi godiya. Ya ce, "Har wanga lokaci ban san mi suka gani cikin kwalbar nan ba." Bai nemi kuɗi ba. So yake ya ji ko akwai abin da zai gyara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, domin sirrin sana'ar gado ne ya buɗe, wanda ubansa bai gaya wa kowa ba sai shi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma ga ɗiyar ɗayanmu, wadda ta yi aikin kammala karatunta a kan akwatin busar da tumatir da tattasai. Da kuɗin akuyar uwarta aka sayi gilashi da katako. Ya yi aiki, mun ci miyar kauɗar da ya busar, ba ƙasa ba ƙuda. Aka ba ta maki, aka yi walima. Yanzu akwatin yana bayan ɗaki, kaji na ƙwai a ciki, alhali a kan hanyar Goronyo ana shanya tumatir a ƙasa, ƙura da awaki na bi ta kai. An koya mata darasin sana'a a aji kamar kowane ɗalibin jami'a, amma ba wanda ya nuna mata inda za ta sami maƙeri da jarin ƙera guda goma.

Don haka muke roƙon Mai Alfarma, a matsayinsa na uban kowa, wanda idan ya kira ba mai ƙin amsawa, da ya tara shugabannin manyan makarantun garin nan, da wakilan gwamnatin jiha, da attajiranmu, da sarakunan sana'a, a zauna kan wannan magana. Babban abin da muke nema shi ne duk cibiyar ƙere-ƙeren da wata makaranta ke da ita ko za ta buɗe, ta kasance tana da reshe a cikin gari, inda mai keke da mai ƙafa za su iya zuwa, kusa da kasuwa. Ba sai an yi sabon gini ba. Akwai gine-ginen hukuma da ke rufe, ɗaya ya isa, in dai an sa sola da ruwa. A yi magana da Hausa a wurin, a rubuta bayani da boko da ajami, domin da yawa daga dattawanmu ajami suke karantawa ba tare da tuntuɓe ba.

Muna roƙon a sa Sarkin Noma da shugabannin majema da maƙera da wakiliyar mata a cikin masu faɗa a ji na wurin, yadda kowace shekara za su kawo matsalolin da ke ƙasa, malamai su raba wa ɗalibai su zama aikin bincikensu. Duk wanda ya zo ya ɗebi bayani a wurin mai sana'a, a wajabta masa komowa ya faɗi abin da ya samo, ko da a zaure ne bayan sallar la'asar. Idan kuma aka ƙera wani abu da ya samo asali daga sanin mai sana'a har ya kawo kuɗi, a rubuta sunansa da rabonsa tun farko, da shaidu.

Zancen mata kuwa, Sakkwato ba ta buƙatar aron misali. Nana Asma'u ɗiyar Shehu ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da 'yan taru, wato mata masu neman ilimi, a inda suke, ba ta jira sun zo birni ba. A ware wa mata ranakunsu da malamai mata, a kuma riƙa kai masu gwaji cikin gidaje, domin mai suyar ƙuli-ƙuli da hayaƙi ke cinye wa ido ba za ta bar kasko ta tafi taro ba. Mahaifin garin nan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, an san shi da ƙarfafa masu sana'a da zaunar da su a garuruwan ribaɗi, wato na tsaron iyaka, irin su Wurno. Abin da muke roƙo bai fita daga wannan turba ba.

Mu ma ba hannu rabbana muka zo ba. Manoman cikinmu sun yarda su ba da fili da albasar gwaji, ko da za a yi asararta. Maƙera sun ce za su ƙera samfurin farko a kan kuɗin ƙarfe kawai. Majema sun buɗe ƙofarsu ga duk malamin da zai iya jure warin. Roƙonmu dai a yi zaman kafin cirar albasa mai zuwa, domin a sami rumbun gwaji ko guda biyu a tsaye lokacin da za a fara zubawa a rudu. Duk ranar da fada ta neme mu, za mu zo da wakilanmu, da fatar, da albasar, da akwatin nan bayan an kore kaji an wanke shi.

Allah shi ƙara wa Sarkin Musulmi lafiya da nisan kwana, Allah shi zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Wassalamu alaikum.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Wakilan manoman albasa da kayan lambu
Wakilan majema, dukawa da maƙera
Wakilan mata masu sana'ar cikin gida
Wakilan matasa masu gyaran waya da haɗa sola
Wakilan ɗalibai da suka kammala karatu

Sa hannu da dangwalen yatsa suna cikin takardar da ke haɗe da wannan.