Rahoton ayyukan shekara ga malamai masu kula da kulob-kulob a makarantunmu na sakandare

Assalamu alaikum, malamai 'yan uwa.

An yi tarurrukan kowane zango kamar yadda aka saba, bayanansu suna cikin littafin sakatare ga mai son dubawa.

Da maganar kuɗi za a fara, domin duk abin da ya gaza bana daga nan ya samo asali. Waɗanda suka biya kuɗin wata-wata cikakke ba su kai rabinmu ba. Wasu sun biya na zangon farko suka yi shiru, wasu kuwa sunansu kawai ke cikin rajista. An tura saƙo a WhatsApp, an buga waya, an bi wasu har ofishin malamai, amsar dai ɗaya ce: sai albashi ya shigo. To, waɗanda suka biya ma albashin suke jira. Ma'aji aikin sa kai yake yi, yana da aji da tarin takardun da zai duba kamar kowa, bai kamata ya koma mai bin bashi ba.

Duk da haka, ranar baje kolin ayyukan ɗalibai da aka yi a ƙarshen zango na biyu ta fitar da mu kunya, alhamdu lillahi. Iyaye sun cika wurin, kuma yaran da kansu suka yi bayani, babu malamin da ya karɓe musu magana.

'Yan kulob ɗin kimiyya da fasaha na JETS sun kawo fitilu masu caji da hasken rana. Kowace fitila tana da batiri mai caji samfurin 18650 guda ɗaya da aka ciro daga tsohon batirin kwamfuta, da ƙaramin allon caji TP4056, da farantin sola mai bolt 6, da makunni, da ƙwayayen LED farare, kowane da rezisto mai om 47. Kafin a haɗa komai sai an auna batirin da mita, wanda ya yi ƙasa da bolt 2.5 a ajiye shi gefe, don ba ya riƙe caji kuma yana iya ɗaukar zafi. Allunan da suka ƙone a farkon aikin, juya ƙafafun batiri ne ya ƙona su, shi ya sa yanzu jar waya da baƙa kawai ake amfani da su, kuma ba a jona batiri sai malami ya duba. Wani abin da ya burge jama'a shi ne yaran sun faɗi iyakar fitilar ba tare da ɓoye-ɓoye ba: faranti mai wat 1 yakan ɗauki kusan kwana biyu na rana mai kyau kafin ya cika batirin.

'Yan mata na kulob ɗin sana'ar hannu sun sayar da sabulun da suka kawo kaf tun kafin azahar. Ma'auninsu: man ja kilo 1, sodar yin sabulu (caustic soda) giram 135, ruwa kamar mililita 350. A auna da sikeli, ba da gwangwani ba. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a taɓa zuba ruwa a kan soda, kuma a roba mai kauri ake haɗawa, domin soda tana cin tukunyar dalma. Idan ruwan sodar ya huce sai a tsiyaya shi cikin man, a yi ta juyawa har ya yi kauri kamar kunu, a zuba a mazubi, a yanka bayan kwana ɗaya ko biyu, sannan a shanya a inuwa mako 4 zuwa 6. Wannan jiran shi ne ya fi yi wa yara wuya, kuma sabulun da aka yi gaggawar fitarwa shi ke narkewa da wuri ya kuma yi wa fata zafi. Safar hannu da tabarau dole ne. Makarantar da ba ta da su kada ta fara.

Kulob ɗin matasa manoma kuwa akwatin busar da tumatir ya kawo: katako da aka shafa wa baƙin fenti daga ciki, murfin leda mai haske, faifan raga, ƙofar iska ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, an karkata shi kaɗan yana kallon kudu. Ana yanka tumatir kaurin rabin santimita, ya bushe cikin kwana 2 zuwa 3 a lokacin rani, babu ƙura babu ƙuda. Akwatin farko ba shi da ƙofar sama, sai tururi ya taru a jikin ledar yana ɗigowa, tumatirin ya yi fumfuna. Dukansu biyun aka ajiye a wurin baje kolin don a ga bambanci. Da yaran suka ce kilo 10 na ɗanye ba ya ba da kilo 1 na kauɗa, iyaye manoma da ke wurin sun gaskata su. Allah ya saka wa malaman da suka ba da Asabar ɗinsu ga wannan aiki, sun san kansu.

Gandun dashen itatuwa bai tabbata ba, kuma tunda ana ta ƙorafi a kai, ga dalili. Dashen da za a kai fili a Yuli, lokacin da damina ta kankama, tun Maris ko Afrilu ake shuka shi a leda. A lokacin babu kuɗin leda, babu na waya da za a kewaye wurin. Ɗan zogalen da aka shuka ya tsiro cikin mako biyu, awakin unguwa suka cinye shi a hutun zango. Irin dogon yaron da aka tara kuma ya daɗe a ajiye, shi kuwa ba ya jure ajiya, 'yan makonni kaɗan ya mutu. Kwamiti bai manta da aikin ba, kuɗin ne suka zo bayan lokacin shuka ya wuce.

Jaridar bango ta fito a zangon farko da na biyu, ta tsaya a na uku. Editocinta duk 'yan SS3 ne, da WAEC ta shigo sannan NECO ta biyo baya, babu wanda ya san yadda ake tsara shafi. Wannan matsala tana cikin kusan kowane kulob. Daga yanzu mataimakin shugaba ya zama ɗan SS1 ko SS2, a kuma miƙa ragama kafin ƙarshen zango na biyu.

Gasar dara tsakanin makarantu an ɗage ta saboda kuɗin mota. Amma atisaye ba ya cin ko kwabo: gurbi 30 a ƙasa da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa. Makarantar da ba ta yi atisaye ba, ba kuɗi ne ya hana ta ba.

Akwai makarantun da sunan kulob ke rubuce a jadawalinsu, amma idan lokacin ya yi yara gida suke tafiya, saboda malamin da aka ɗora wa nauyin ya riga su fita. Wasu daga cikin malaman nan su ne kan gaba wajen tambayar takardar shaida idan lokacin ƙarin girma ya zo. Bana ba za a sa hannu a takardar kowa ba sai ya kawo rajistar halartar ɗalibansa.

Mai bashi ya biya kafin ƙarshen mako na huɗu na zangon farko, domin a sayi leda da wayar shinge tun kafin sanyi ya wuce. Kowace makaranta ta zo taro na gaba da sunayen sababbin shugabannin kulob ɗinta, da jerin kayan aikin da suka rage a hannunta, har da mitocin awon wuta da aka ara ba a dawo da su ba.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa