Wasiƙa daga Firaizin

Mutumina,

Salamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da su Inna da amarya. Na san ka cika ka batse, wata huɗu ko gaisuwa babu. Na karɓi laifina, sai dai ka sani kunya ce ta hana ni rubutu, ba girman kai ba.

Ka tuna ka tambaye ni wai me nake karantawa a nan takamaimai, na ce maka kimiyyar abinci? To, gaskiya ne, amma ban faɗa maka duka ba. Sashenmu yana Weihenstephan, a kan tudun garin Firaizin na Jamus, arewa da Munik, kuma a kan wannan tudun akwai gidan dafa giya da suke cewa tun 1040 ake aiki a cikinsa. Zangon nan an ba ni aikin bincike a kan tsiron dawa. Ni, ɗan limamin unguwa. Dariya kake yi, ina jinka daga nan.

Ban taɓa kai ta bakina ba, wallahi, kuma malamin ya san da haka. Ranar gwajin ɗanɗano shinshinawa kawai nake yi in rubuta. Amma abin da ya ɗaure min kai shi ne, farkon aikin duk irin na Goggo ne in za ta yi kunun zaƙi. A jiƙa hatsi, a bar shi ya tsiro, a shanya, a niƙa. Su sha'ir suke amfani da shi. Sai a dama shi da ruwa mai zafin digiri 65 ko kusa da haka, sitacin ya koma sukari, a tace. Wannan ruwan na kurɓa, don ba a sa masa yis ba tukuna, babu maye a ciki. Zaƙi zau, kamar Maltina da ba ta huce ba. Daga nan ake tafasa shi da furen wata yaɗo da suke kira hof, shi ke kawo ɗaci, yana kuma hana lalacewa. An kai mu gonakinsa a yankin Hallertau farkon Satumba, ya hau waya tsayin kusan mita 7. Na murza ɗaya a tafin hannu, wani gari ruwan ɗorawa mai danƙo ya manne min, har dare ina jin ƙamshinsa.

Yis ne ke raba gardama. Wanda ke aiki da ɗumi yana tasowa sama, shi ke ba da giya irin ta Ingila da farar giyar alkama ta nan. Wanda ke son sanyi ya kwanta ƙasa, a ajiye makonni, shi ne laga. Mai hasken nan da ta cika duniya a Pilsen ta ƙasar Cek aka fara yin ta a 1842. Mutanen Bavariya kuwa, jihar da muke ciki, ba su da magana sai dokarsu ta 1516: ruwa, sha'ir, hof, shi ke nan. Na ce wa malamin ina yis a ciki? Ya ce a lokacin ba su san shi ne ke aikin ba.

Af, wai da gaske ne Dogo ya sayar da babur ɗin nan ya shiga harkar kaji? Shi da ko kyanwa bai iya kiwo ba? Ka ce masa dubu biyar ɗina tana nan, ban yafe ba.

Me ya kawo dawa, za ka ce. Lokacin da gwamnatinmu ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin Najeriya suka koma kan dawa, har da masu lemon malt. Sai dai dawa tana da taurin kai. Sitacinta ba ya narkewa sai da zafin da ya fi na sha'ir, kuma ba ta da ɓawon da ke taimakawa wajen tacewa. Jiya awa uku ina gadin abin tacewa, ɗis, ɗis, kamar famfon unguwarku. Da na ba su labarin matan da ke dafa burkutu a manyan tukwane a bayan barikin soja, suna barin ruwan ya yi tsami kafin su sake tafasawa, sai ka ga Turawa sun zaro biro suna rubutu.

Ga abin da ke hana ni barci. Baba yana gaya wa mutane ɗansa na karatun abinci a Jamus. In na ce masa bincikena zai amfani masu lemon malt, ban yi ƙarya ba, amma ni na san ba su kaɗai ba. Wani dare na kama kaina ina cewa ai dawar da yake sayar wa dillalan Dawanau ma bai san inda take ƙarewa ba. Na yi istigfari. Ka je wurin Malam ka tambaya min, kamar wani ne daban, kar ka kama sunana, kar kuma Kawu ya ji, ka san bakinsa.

Sanyi ya fara, yajin da ka ba ni ya ƙare tun Agusta. In akwai mai tahowa, ka san abin yi. Ka gaida amarya, ka ce mata har yanzu ban ga hoton bikin ba.

Naka,
Ɗan Liman