Kafin ka sha kwanar hagu

Assalamu alaikum, Habibu.

Bayan gaisuwa mai yawa, muna nan lafiya. An gama yankan gero, saura dawa. Kawunka ya dawo daga Kano ranar kasuwar Ringim, ya ce maigidanka ya damƙa maka makullin mota. Allah ya sa albarka. Amma ya ce da ka ɗauko shi daga tasha, kun zo wata danja a titin Zariya, kore na kamawa ka figi mota ka yanki hagu ta gaban masu tahowa, sai da ya yi salati. Abin da ya sa na zaunar da ƙaninka ya rubuta maka ke nan.

Ina yaron mota aka yi canjin hannu a 1972, zamanin Gowon, aka dawo da mu dama. Tun daga ranar kwanar hagu ta zama mai haɗari, don sai ka ratsa hanyar wanda ke fuskantarka. Koren da ka gani, shi ma na can gaban sau da yawa shi yake gani, kuma mai miƙewa shi ke da hanya. Kai mai kwana, jira ne naka. Sai fa in fitilar ta nuna maka koriyar kibiya mai kallon hagu, to an tsare maka su. Ko a nan ma ka duba, don akwai mai zuwa a guje yana so ya riga ja.

Ka kunna sigina tun da nisa, ka koma layin hagu, ka tsaya. Kada ka karya sitiyari kana jira. Bar tayoyinka a miƙe, in wani ya buge ka ta baya gaba zai tura ka, ba bakin tirela ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai kirki. Direban babbar mota zai tsaya ya ƙyafta maka fitila, wai ka wuce. Kansa kaɗai ya yi wa alkawari. A gefensa akwai mai babur ko ɗan adaidaita da ya taho a ɓoye, ba ka ganinsa ba ya ganinka. Haka ta same ni ina jan akori-kura: aka ɗaga mini hannu, na shiga, sai ga mai keke da buhun gawayi a gaban bamba. Allah ya tsare, gawayin kawai ya watse, amma har yau in na tuna idon mutumin nan sai gabana ya faɗi.

Na bayanka za su cika ka da hon, wani har ya leƙo ya zage ka. Ƙyale su, in abu ya faru ba mai binka caji ofis. In ka tarar ɗan KAROTA, jami'in kula da titi na Kano, yana tsakiya yana ba da hannu, hannunsa za ka bi, ko da fitila ta ce kore. Kuma titin da za ka shiga, duba masu tsallakawa, musamman 'yan makaranta da almajirai.

Innarka na gaishe ka. Ta ba direban motar Laraba ƙuli-ƙuli da yaji ya kawo maka, ka je tasha ka karɓa. Ka gaida maigidanka.

Mahaifinka.