Takiyya Kaɗai Ba Za Ta Wadatar Da Mu Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto wannan wasiƙa ne daga Gadarif da ke gabashin Sudan, inda nake aikin sa kai a wata takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka na unguwa, tun lokacin da Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a Disambar 2023, jama'a suka kwararo gabas, cikinsu har da Hausawa masu yawa daga Jazira da Sinnar.

Babu mai musun alherin takiyya. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, waɗannan tukwane na unguwa da ɗakunan agajin gaggawa da matasa suka kafa su ne suka riƙe rayukan mutane da fate da adas (wani nau'in ƙananan wake), kuma tushensu shi ne nafir, wato gayyar da muka gada. Abin da ke damuna shi ne mun tsaya a bakin tukunya.

Na ga wata dattijuwa da aka mayar daga wani ofishin tallafi saboda ba ta da rakam waɗani, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, alhali a nan aka haife ta, a nan aka haifi mahaifinta. Abinci mun ba ta, amma takarda ta gagare mu, domin ba mu da ƙungiya mai rajista da za ta tsaya mata. Irinta suna da yawa, musamman mazauna kanabi, matsugunan ma'aikatan gona da suka yi wa aikin noman Jazira hidima shekara da shekaru, galibinsu ba makaranta, ba asibiti, ba ruwa mai tsabta. Rikicin da aka yi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Nilu Shuɗi a 2022 ma ya nuna mana illar rashin wakilci a inda ake yanke hukunci kan ƙasa da sarauta.

Saboda haka nake kira ga sarakunanmu da malamanmu, tun daga Mai Wurno har Kassala da Damazin, da su haɗa kai da 'ya'yanmu da suka karanta aikin jin daɗin jama'a a jami'a, a yi wa kwamitocin unguwanni rajista, a ƙidaya marayu da zawarawa da marasa takarda gida-gida, mata su kasance cikin masu ƙidayar domin su ne ke shiga ɗakuna. Da wannan lissafi a hannu za a iya zama da Diwanin Zakka da ma'aikatun jin daɗin jama'a na jihohi, a nemi a kai ofishin rajista cikin kanabi.

Wassalam,
Wani ma'aikacin sa kai, Gadarif, Sudan