Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Malaman Kimiyya, Maradi

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai.

Taron wata-wata ya gudana yadda aka saba, sai na watan azumi da aka ɗage.

Abin da ya wanke mana zuciya bana shi ne ranar gwajin kanwa. Kanwar kasuwa ce, irin wadda iyayenmu mata ke jefawa a tukunyar wake, muka jiƙa muka tace, tunda sodiyom kabonat ne jigonta. Muka haɗa binigar da bikarbonat (wato bakin soda), muka tara iskar da ta fito, wato CO2, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, a sirinji biyu. Ɗaya aka zuƙa masa ruwan famfo, ɗaya ruwan kanwa, aka toshe bakinsu, 'yan lakwal suka yi ta girgizawa. Ruwan famfo ya sha iskar kaɗan ya ƙoshi, domin lita guda kimanin giram 1.5 na iskar kawai take ɗauka a zafin digiri 25. Na kanwa kuwa, sandar sirinjin ta dinga nutsewa a hankali har ta kusa ƙurewa, saboda kabonat yana kama iskar ya mayar da ita bikarbonat. Masana'antu ma haka suke cire CO2, sai dai su da fotasiyom kabonat, wanda ke cikin ruwan toka.

Sai awon nauyi. Mililita 100 ta ruwan famfo ta ba da wajen giram 100. Muka yi ta ƙara kanwa har ta kai wajen 110, sannan aka saka ƙwai. Da ya taso sama, ajin ya kaure da tafi. Wata yarinya ta ƙi yarda sai da ta saka shi da hannunta.

Masu tambayar awon da muka yi alkawari a zafi daban-daban, ba sakaci ya hana ba. Aikin yana son ma'aunin zafi da sikeli mai kama ɗigon giram, namu kuwa na aro ne, mai shi ya karɓi abinsa. Ƙanƙarar da muka saya a watan Afrilu ta narke kafin wuta ta dawo. Da me za mu sayi namu? Ko rabinmu ba su biya kuɗin wata ba. Na bi wasu har gida, na kira har na ji kunya, amsar dai ita ce "sai an yi albashi". An yi albashin sau goma sha biyu. Ranar gwajin ma mutanen da aka saba gani su suka ɗauko bokiti, su suka wanke kwalabe.

Littafin bashi yana hannuna. Zan zo da shi taro mai zuwa, kuma da kuɗin da ya fara shigowa za a sayi sikelin.

Magatakardan ƙungiya