Ga 'Yata Rabi, Kan Mahaifin Da Ya Zo Makarantarku Da Faɗa

Rabi,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Ummanku ta ce mini wani uba ya zo ofishin shugaban makarantarku yana faɗa kan darasin asalin halittu da ke cikin manhajar bayoloji, ke kuma kika ce jahilci ne ke damunsa. Kada in sake jin wannan kalma a bakinki. Rigimar nan ta girme ki, ta girme ni, kuma ba a ƙasarmu kaɗai aka yi ta ba.

A watan Maris na 1925 jihar Tenesi ta Amurka ta kafa dokar hana malaman makarantun gwamnati koyar da cewa ɗan Adam daga wata dabba ya samo asali. 'Yan kasuwar wani ɗan gari mai suna Dayton suka hango ciniki, suka lallaɓi wani saurayin malami, John Scopes, mai shekara 24, ya yarda a gurfanar da shi kan karya dokar. A watan Yuli aka yi shari'ar, har rediyo na watsawa kai tsaye. An ci shi tarar dala 100, kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin a 1927, amma dokar ta zauna daram sai 1967.

Wanda nake so ki duba shi ne William Jennings Bryan, da ya tsaya wa dokar a kotu. Mutumin da ya yi takarar shugabancin ƙasa sau uku, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje, ba za a kira shi jahili ba. Ya ga ɓarnar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ji tsoron a raini yara da tunanin cewa mai ƙarfi ya danne mai rauni shi ne tsarin duniya. Hujjarsa ta biyu ita ce wadda uban nan ya zo muku da ita ko bai faɗa ba: iyaye ne ke biyan albashin malami da harajinsu, to da wane izini za a ɗauki ɗansu a koya masa abin da zai dawo gida ya raina su da shi? Littafin bayolojin da aka yi rigima a kansa a Tenesi ma ba wankakke ba ne. Ya kasa mutane launi biyar, ya ce Turawa ne mafi ɗaukaka, ya kuma goyi bayan hana waɗanda ya kira marasa inganci haihuwa. Wannan ma da sunan kimiyya aka buga shi.

'Yan jaridar birni sun yi wa mutanen Dayton dariya son ransu, suna ce musu ƙauyawa. Me dariyar ta haifar? Masu buga littattafai suka yi ta rage darasin don kada su rasa kasuwa, bai dawo sosai ba sai bayan Rasha ta harba tauraronta Sputnik a 1957, Amurka ta firgita.

Mu nan, lokacin da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta boko a Nasarawa ta Kano a 1909, shekara shida ke nan da Turawa suka ci garin da bindiga. Kakanninmu ba lissafi suka ƙi ba, don da shi suke raba gado. Hannun da ya miƙo karatun suka zarga, kuma wannan zargi bai gama fita daga zukata ba.

Saboda haka ki aika a kira mutumin, ki ba shi kujera, ki gaishe shi gaisuwar uba, ki buɗe masa shafin ya gani. A aji kuwa, ki koyar da abin da jarrabawa za ta tambaya ba tare da ɓoye komai ba. Ki ce ga abin da masana suka faɗa, ga hujjarsu, ki fara da abin da yaran suka sani, kamar yadda ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin kulorokwin. In yaro ya tambaye ki hukuncin addini, ki ce ya tafi wurin malaminsa, ke ba a ɗauke ki aikin fatawa ba.

Ummanku da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki